Hagun Na'Allah

Sunana Bawa, makaɗin 'yan dambe ne ni, kuma tun ina saurayi kalangu ke hammatata. Na yi wa mazaje da yawa take a ƙasar Bodinga. Wasu sun cancanta, wasu kuwa wahalar da fatar ganga kawai na yi. Amma babu wanda ya zauna mini a rai kamar taken Na'Allah ɗan Sodangi mahauci, kuma saura ƙiris a karɓe masa shi.

Take shi ne kiɗan da ake yi wa ɗan dambe shi kaɗai. In ya ji shi, ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya fito fage. Ranar da aka karɓe taken mutum aka ba wani, ranar ya gama dambe, sai dai ya koma cikin 'yan kallo yana ba yara labari.

A kakar shekarar da sojoji suka fara dawowa daga Burma ne abin ya faru. Mu dai damben ƙauye muke yi. In an gama girbi mu bi Dingyadi, mu bi Dandin Mahe, mu bi Mandera, a share gona a yi fage, wanda ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa, ya samu damin gero da guɗar 'yan mata. Babban fage yana Sakkwato, inda mazajen ƙasashe ke haɗuwa, har Turawa kan sa a kai musu kujeru su yi kallo. Mode, shugaban 'yan dambenmu, ya ce bana zai kai mutanensa can, amma ba zai ɗauki kaya ba, sai maza.

Na'Allah kuwa a lokacin ya fara zama kaya. Ga ƙirji, ga tsayuwa, ba ya tsoron kowa. Hannunsa na hagu, wanda yake karewa da shi, sauri gare shi har ba ka ganin motsinsa. Amma na daman, wanda ake naɗewa da zare don naushi, kullum a makare yake isa, kamar wanda aka aika kasuwa ya tsaya hira. A Dingyadi wani siririn saurayi ya kai shi ƙasa. A Dandin Mahe gwiwarsa ta taɓa ƙasa tun turmin farko, wato zagayen farko, kuma a dambe wannan kisa ne. Ni da nake kiɗa ina jin kunyar tana bi ta cikin kalangun.

Bayan na Dandin Mahe, Mode ya kira mu gefe, ni da shi.

"Na'Allah, ban ƙi ka ba," in ji Mode. "Amma ga damben Shagari nan tahe, kuma Altine na Mandera za ka kama. In kaf faɗi, ba ka zuwa Sakkwato. Kai kuma Bawa, sai ka ba wani yaro taken ga, don ba a barin kiɗi shi kwanta."

Na'Allah ya ce to, ya sunkuyar da kai. Ni ne na kasa cewa to. Taken nan ni na ƙaga shi da kaina ranar da ya fara fita fage, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Altine kuwa tsohon soja ne, ya dawo da wuya kamar turmi.

Ranar kasuwar Bodinga na je rumfar mahauta, wai in ba shi haƙuri, ko da yake ni ma mai neman haƙurin ne. Na same shi yana yanka nama, wuƙa a hannun dama. Muna cikin gaisawa sai shirwa ta kawo sura, ta ɗauke tsokar hanta daga kan faifai ta yi sama. Kafin in buɗe baki, hannunsa na hagu ya suri wani guntun ƙashi ya wurga. Ƙashin ya same ta a sama, ta saki hantar, gashinta ya watse, ta tafi tana tangaɗi.

Mutane suka yi ta dariya. Shi kuwa sai ya waiga kamar wanda aka kama da sata, ya tura hannun cikin riga.

"Kai, hiddo hannun nan in gani," na ce masa. "Tun yaushe kake jihwa da hagu?"

"Baba Bawa, ka ruhwa min asiri. Mantuwa ta."

"Mantuwa ta ka harbo shirwa sama? To Allah shi ba ni irin mantuwag ga."

Ya koma kan yankan namansa. Da la'asar na wuce gidansu, na yi sallama da mahaifiyarsa, Zulai, ta fito zaure tana goge hannu da zane. Da na tambaye ta, sai ta ce bahago aka haife shi. Da hagu ya fara kai tuwo baki, da hagu yake karɓar abu a hannun manya. Ubansa ya ga abin kunya ne, ga shi kuma ɗan mahauci, wanda dole wata rana ya yi yanka da dama. Sai ya riƙa ɗaure masa hannun hagu a ƙugu da igiyar rama tun safe, sai barci ake kwancewa, har yaron ya saba.

"Ya yi kuka har ya gaji," in ji ta. "Har yau akwai shaidar igiyar ga wuyan hannunai."

Wato shekara da shekaru muna naɗe hannun aro, na gaskiyar yana gaba yana gadi. Na ji haushin kaina, na ji haushin Mode, na ji haushin duk mai ido a Bodinga.

Saura Sodangi. A gidansu al'ada ce uba ke naɗe wa ɗansa hannu kafin ya shiga fage, kuma Sodangi bai taɓa barin wani ya yi ba. Tsoho ne mai taurin kai, ya yi dambe a zamaninsa, kuma duk wani magani da ya gada ya zuba shi a hannun daman yaron nan: an yi tsaga, an shafa, an ɗaura laya. Na same shi a ƙofar gida yana wasa wuƙa, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Bawa, kiɗi anka ce ka yi ko shisshigi?" ya ce, bai ko ɗago ba. "Da hannun da aka tsarki da shi za ya naushi ɗiyan mutane? Ubana da dama yay yi, ni da dama niy yi."

"Ranka shi daɗe, ku dama Allah ya ba ku. Shi hagu anka ba shi."

"Na gyara shi tun shina ƙarami."

"To gyaran nan shi aka kashewa gari-gari."

Ya ɗago ya dube ni, na tabbata da ba don furfurata ba da na ji bayan wuƙar nan. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tashi, ina tafe ina masifa ni kaɗai har karnuka suna bi na da kallo.

Na'Allah ya ce shi ba zai naɗe hagu ba sai da yardar ubansa, ko da za a karɓe take goma. Iyakar abin da ya yarda da shi, mu je bayan kasuwa ya gwada a jikin taikin dawa, babban buhun fata, da na rataye a reshen tsamiya. Kwanakin da suka rage muka yi ta zuwa. Da farko ƙafafunsa suna rikicewa, don tsayuwar ta juya. Da suka daidaita, sai na ji ƙarar da ban taɓa ji daga damansa ba. Ranar ƙarshe ɗinkin taikin ya ɓalle, dawa ta zube, muka durƙusa muna tsincewa kafin mai ita ya gani.

Ranar damben Shagari mun isa da azahar, a ƙafa, ta hanyar da hukumar En'e ta sa aka gyara. An share wata gona a bayan gari, mutane sun yi da'ira, har kan bishiyoyi akwai yara. Sodangi ya zauna a kan buzunsa, ya kama hannun dama ya naɗe kamar kullum. Na'Allah ya miƙe. Na buga takensa, ya fita.

Turmin farko ba na son tuna shi. Altine ya gane makarar hannun nan tun naushi na biyu, sai ya riƙa jira ya wuce sannan ya sauke nasa. Ya fasa wa Na'Allah gira, ya fasa masa leɓe. Sau biyu gwiwar Na'Allah ta yi ƙasa ta dawo ba ta taɓa ba. Abin da ya hana shi faɗuwa hagun nan ne kawai, yana turewa, yana karewa, shi kaɗai yana aikin mutum biyu. Da aka raba su, ya dawo gefe jini na zuba a ƙirjinsa, Mode ya kawar da kai.

Ina kallon Sodangi. Duk turmin nan ba fuskar ɗansa yake kallo ba, hannun yake kallo. Sai na ga ya miƙe, ya zo ya tsuguna a gaban yaron, ya kama zaren dama ya fara warwarewa. Na ɗauka cire shi zai yi daga damben. Na'Allah ma haka ya ɗauka, don na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Miƙo wancan," in ji tsohon.

Na'Allah ya tsaya yana kallonsa.

"Ba ka ji ba? Miƙo min hagun."

Mode ya ruga wurin masu fage, don ba a canja hannu tsakiyar dambe sai abokin karawa ya yarda. Altine ya yi dariya, ya ce ko ƙafa yake so ya naɗe. Allah ya saka wa Altine da alheri, har gobe ina yi masa addu'a saboda dariyar nan.

Sodangi ya naɗe hagun a hankali. Ya ciro layar daga dama ya tura ta cikin zaren, ya tofa bismilla. Ni kuwa na matse kalangu na saki taken da duk ƙarfin da ya rage mini.

Ba a daɗe ba. Altine ya shigo yana jiran naushin da ya saba gani a makare, ta ɓangaren da ya saba. Naushin ya zo masa ta ɗaya ɓangaren, kuma bai makara ba. Sai ganin Altine muka yi zaune a ƙasa, hannu biyu a baya, yana kallon mutane kamar mai tambayar wane gari ne nan. Fage ya kaure, mata suka rangaɗa guɗa. Ni ban san lokacin da na fasa fatar kalangun ba.

Na'Allah ya je Sakkwato a wannan shekarar, da shekaru da dama bayanta. Ba zan yi muku ƙarya ba, bai zama gagarabadau ba. Ya kashe, an kashe shi. Amma ya tsaya a babban fage da sunansa, Bahagon Bodinga, ya bar dambe da ƙafarsa lokacin da ya ga dama, kuma takensa bai taɓa shiga kunnen wani a matsayin nasa ba. Ni wannan ya ishe ni godiya. Na gode wa Allah, na gode wa Zulai da ta faɗi gaskiya, har shirwar nan ban manta da ita ba.

Amma abin da na fi tunawa ba kisan ba ne. Da mutane suka watse, rana ta yi ja, Sodangi ya zaunar da ɗansa a kan buzu yana kwance masa zaren. Da ya kai wuyan hannun sai ya tsaya. Tsohon tabon igiyar rama yana nan, siriri, ya zagaye hannun. Ya sa babban yatsa yana shafa wurin.

"Ya yi maka ciwo?" ya tambaya.

"A'a, Baba. Naushi guda na."

"Ba na yau nike tambaya ba."

Na'Allah ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Na gode, Baba."

Tsohon ya jawo ɗan tandun man shanu daga aljihu, ya lakato, ya shiga shafa wa tabon, kamar jiya aka kwance igiyar.