Baba Mai Zomo da Zomon Kwamfuta

Shekara talatin Baba Mai Zomo yana riƙe wa ɗaliban ilimin magunguna zomaye a ɗakin gwaji. Shi ke ba su ci, shi ke ɗora su a sikeli, in kuma ɗalibi ya zarce da allura, shi ke haƙa rami a bayan gini. Matarsa ta ce ko wanka ya yi warin zomo yake, amma ita dama ba ta rasa abin faɗi.

Kwatsam sai ga sabuwar Malama da kwamfutoci goma sha biyu. Ta ce an daina soke dabba don koyo kawai: zomon yana cikin allo, a ba shi magani, a ga bugun zuciyarsa yana hawa yana sauka. Aka raba zomayen gaske ga masu kiwo. Masu shara suka soma raɗe-raɗi wai ƙarshen wata za a sallami Baba. Bawan Allah ko abinci sai tsakura.

Ranar darasin farko ya toge a bakin ƙofa, fuska ba annuri. Wata ɗaliba da ake kira Gwana saboda iyayi ta danna kwamfuta, ta ba zomon magani. Zomon allo ya yi shure-shure, layin zuciyarsa ya miƙe ɗoɗar. Ta danna wani wuri, ya tashi garau.

Baba ya matso, baki buɗe. "Ikon Allah! Ba shebur, ba rami?"

Ta sake, ya sake mutuwa. Har sau huɗu.

"Malama, kwamfutar nan ta lalace," in ji Gwana.

"'Yata, kin auna shi?" Baba ya tambaya.

"Haba Baba, hoto ne fa! A wane sikelin?"

Aji ya kwashe da dariya.

"Ko hoton ne, dubi ƙirarsa. Wannan ɗan zomo ne, bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Rabon kakansa kike ɗura masa."

Malama ta zo ta nuna wani ɗan rubutu a kusurwar allo: nauyi, kilo ɗaya da ɗigo huɗu. Ashe duk ajin babu wanda ya duba, adadin maganin da ke littafin ɗaliban bara suka kwafe. Gwana ta sake lissafi, kunya kamar ta nutse, sannan ta ba da maganin. Zomo ya yi barcinsa, ya farka lafiya lau.

Malama ta juya wajen tsohon. "Baba, daga gobe babu mai danna komai sai ya faɗa maka nauyi da adadin magani."

"Malama, ni fa ban iya danne-dannen nan ba."

"Su sun iya, ka ga abin da suka yi da shi."

Washegari aka gan shi cikin farar rigar malamai. Ta yi masa yawa, ya naɗe hannun sau biyu, yana zagaya tebura yana gyaran murya.