Allin Tela a Saman Benen Inna

Ni na zuba dakalin shan iska a saman benen Inna, mahaifiyata, da hannuna. Shekara ashirin da biyu ina gini, kuma a gidan nan ko ƙusa za a kafa ni ake kira. To sai damina ta zo ta tona min asiri. Ruwa ya riƙa kwanciya a tsakiyar dakalin, ya ƙi bin ramin da na huda a jikin katanga don ya faɗa indararo. Kafin sati biyu silin ɗakin Inna ya fara ɗiga, daidai kan gadonta.

Sau uku ina hawa. Na zura ƙarfe a ramin, na share ganye, na shafe tsaga da siminti. Duk a banza.

A karo na huɗu na hau na tarar da mijin ƙanwata a can. Tela ne fa, mai ɗinka riguna, wanda ko cokalin gini bai taɓa riƙewa ba. Ya naɗe ƙafar wando, tef ɗin awo a wuya, yana tsugune yana zagaye bakin ruwan da ya kwanta da allin da yake zana yadi. Inna na zaune a kan kujera tana kallonsa kamar ya zo da maganin ciwon ƙafarta.

"Yaya, sannu da zuwa," in ji shi. "Ka ga, duk bayan awa ɗaya ina sake zana bakin ruwan. Zanen yana ta matsewa zuwa nan tsakiya, ba ya nufar ramin. Na auna kuma, bakin ramin ya fi ƙasan tsayi da yatsa biyu."

Gaskiya ya faɗa, na kuwa gane tun kafin ya rufe baki. Ranar da na yi daɓen, daga bakin matakala na fara awo saboda kada ruwa ya gangara cikin gida, na manta da ramin gaba ɗaya.

"Gini ba wuyan riga ba ne," na ce masa.

"Haka ne, Yaya. Da dai za a yanka 'yar hanya daga tsakiya zuwa ramin, a sauke bakinsa kaɗan…"

"Ka ji ɗan albarka," Inna ta katse shi. "Kai kuwa ka tsaya ka saurara mana."

A gaban suruki! Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na sauka ko sallama ban yi ba, na kwana biyu ban leƙa gidan ba. Matata ta ce tunda aka haife ta ba ta taɓa jin an yi fushi da alli ba.

A rana ta uku hadari ya haɗo, na tuna Inna da robar da take tarawa a kan katifa. Na ɗauki guduma da kurfin sara siminti na tafi. Allin yana nan bai goge ba, na kuwa bi shi tiryan-tiryan, ina sara ina tsaki. Na sauke bakin ramin, na gyara gangaren, na rufe da leda. Hannuna har ya yi kanta.

Bayan kwana uku aka sheƙa ruwa da la'asar, muna gidan Inna mu duka. Indararo ya riƙa zuba cikin kwata kamar an buɗe famfo. Inna ta shiga ɗaki ta shafa katifa, ta fito tana murmushi, ta wuce ni ta nufi tela.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

"Inna, ai Yaya ne ya yi aikin duka. Ni zane kawai na yi."

"Ka ji kunya irin tasa, ko yabo ba ya so," ta ce da ni. Sannan ta juya wajensa. "Gobe in ka samu sarari ka zo ka duba min bangon kicin, ya tsage. Kai kuma ka zo masa da kayan aikinka."