Igiyar Tsohon Babur

Karo na goma sha huɗu ke nan Ovila yana fizgar igiyar tayar da babur da hannun hagu. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya yi tsit.

Ya miƙe yana haki, ya dubi agogo, ya dubi sama. Tara da rabi ta gota. Sha ɗaya za a fara jerin gwanon tsofaffin baburan ƙanƙara a kan tafkin da ya daskare, ga wani ɗumi mara kyau yana shigowa daga kudu. Rediyo ya ce da yamma za a yi ruwa, gobe hukumar gari za ta hana kowa hawa tafkin. A watan Mayu kuma shi da matarsa Rolande za su bar gidan nan, su koma ciki da falo a garin Amos, kusa da asibiti, inda ko wurin jingine keke babu.

Shekara biyu ya kwashe a kan babur ɗin nan. A rumbun wani manomi ya tsinto shi, ƙirar 1971, ɓeraye sun yi gida a cikin kujera, tsatsa ta cinye faifan sulɓin gaba. Ya kwance shi kaf, ya kankare, ya mayar, ya yi masa fenti rawaya. Fistin ɗaya, fulogi ɗaya, bel mai haƙora a baya yana tura shi. Da sifana uku da sukundireba mutum zai gyara shi a tsakiyar daji, abin da ya sa yake ƙaunarsa ke nan. Sai dai kafaɗarsa ta dama ta ci amanarsa. Mako shida da suka wuce likita ya yi mata aiki, ya ce ko buta kada ya ɗaga.

Maƙwabcinsa Fernand ya tsaya a bakin shinge a kan sabon baburinsa baƙi wul, ya ɗaga gilashin hular kwano.

"Sarkin tarkace! Har yanzu gawar ba ta tashi ba?"

"Kai dai wuce da firjinka."

"Firjin nan maɓalli gare shi. Duba nan." Fernand ya kashe, ya danna da yatsa ɗaya, injin ya tashi.

"Ranar da ya mace maka a daji, sai an zo da kwamfuta daga birni," in ji Ovila.

"To ai naka a ƙofar gida ya mace, ka huta da tafiya. Kawo in ja maka, mutumina."

"Ba mai taɓa shi."

"Shi ke nan. Zan ce su rage maka miyar wake a wurin taron." Ya saki gilashin, ya wuce.

Ovila ya cire fulogi, ya same shi sharkaf da mai. Ya goge, ya hura, ya mayar. Ya shiga gareji, ya manta abin da ya kai shi, ya fito. Sifana ta suɓuce cikin dusar ƙanƙara, ya durƙusa yana lalube har yatsunsa suka daskare. Ta bayan itatuwa yana jin sauran tsofaffin injuna suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ƙaurin hayaƙinsu yana iso shi. Sha ɗaya saura kwata.

Ya saci kallon tagar kicin. Ba kowa. Ya kama igiyar da hannun dama, ya dafe da ƙafa, ya fizga da iya ƙarfinsa.

Sai ganin kansa ya yi a gwiwa, wuta na ci daga kafaɗa har cikin kunne. Bai yi ƙara ba, amma ƙofar gida ta buɗe. Rolande ta fito sanye da takalman sanyi da tsohuwar rigarsa mai kauri.

"Da wane hannu ka ja?"

"Hagu."

"Ovila, shekara arba'in da shida muna tare. Da wane hannu?"

Ya sunkuyar da kai. Ta kama shi ta ɗaya hamatar, ta tayar da shi, ta kakkaɓe masa gwiwa.

"Matsa gefe."

"Rolande, wannan ba injin wanki ba ne. Sai wanda ya san..."

Ba ta saurare shi ba. Ta sunkuya ta shinshina injin. "Ka shaƙe shi da mai, tsoho. Danne totur da hagunka, da ya tashi ka saki."

Ya danne. Ta ja igiyar a hankali har ta ji ta ciza, ta gyara tsayuwa, ta fizga daga ƙugu. Tari. Ta sake. A na uku injin ya kece da ruri, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe ƙofar garejin.

Ovila ya saki baki. "Wa ya koya miki?"

"Wa kake zato yake kai wa babana abinci a sansanin masu yankan katako a kan irin wannan babur, duk hunturu, tun ina 'yar sha biyar? Ai na gaya maka tun kafin bikinmu."

Lallai ta gaya masa. Ya tuna ya yi dariya a ranar, ya nuna mata kujerar baya, can kuma ta zauna tun daga lokacin.

Ya ɗale kujerar, ya kama kan babur da hagu. Hannun dama ya ɗago rabi, ya ƙi ƙarasawa. Ya sake gwadawa, gumi ya keto masa a cikin sanyin nan. Totur ɗin a dama yake. Rolande tana tsaye tana zura safar hannu, yatsa bayan yatsa, ba ta ma dube shi ba. Injin yana karkarwa a ƙarƙashinsa, yana jira.

A hankali ya ja jiki baya.

Ta hau gabansa, ta kamo hannunsa na hagu ta naɗa a ƙugunta.

"Ki bi sannu a kwana," ya ce a kunnenta. "Faifan hagu yana ɗan ja. Kuma kada ki..."

Sauran maganar iska ta tafi da ita. Suka gangara ta tsakanin itatuwa, suka yi tsalle a ɗan tudun bakin ruwa, suka dira a kan tafki. Can yamma jerin gwanon ya riga ya motsa, ja da rawaya da kore, mutane a gefe suna tafi. Ya hango Fernand tsaye a kan baburinsa yana ɗaga musu hannu biyu.

Rolande ta karkata gabas, inda tafkin ya shimfiɗu fari fat, ko sawu ɗaya babu.

"Rolande! Ba nan ba ne! Ga su can!"

"Na gan su," ta ce, ta ƙara mai.

Ya ƙara ƙanƙame ta.