Ƙashi Ko Baki

Tun daga gonar zaitun har ƙofar garin Tugga, Namgidde kalma ɗaya take ta maimaitawa a ranta, sunan ƙashi da harshen Latin, don ta faɗa wa likita. Mijinta Barik ne ya faɗo daga bishiya, ƙafarsa ta karye, ta baro shi kwance yana nishi. A hanya ta ci karo da wanta Rogatus, mai koyar da Latin irin na littafi, ya ja mata kunne.

"Ke ƙanwata, likitan nan haifaffen Rum ne. Kar ki je ki ce masa ossum irin na 'yan kasuwa, ki zubar mana da mutunci. Ƙashi, os ake cewa."

Da ta isa gaban likita Statiliyus sai ta rusuna ta gaishe shi. Don girmamawa ta ja kalmar, ta yi mata tsawo.

"Ranka ya daɗe, oos ɗin maigidana ne."

"Ya kumbura?"

"Sosai."

"Yana iya cin abinci?"

Ta rasa me ya haɗa abinci da ƙafa, amma ta ce ko ruwa ya ƙi sha. Likita ya gyaɗa kai, ya ɗauki 'yar jaka ya hau alfadari.

Suna isa gona likita ya durƙusa gaban Barik, ya zaro awartakin cire haƙori.

"Buɗe baki, bawan Allah."

Barik ya zare ido. "Uwar yara, wa kika kwaso mini? Ƙafa! Ƙafa nake kuka da ita!"

Likita ya ɗaga mayafin da aka rufa masa, ya ga ƙafar a karkace, ya juyo. "Baiwar Allah, ai oos kika ce. Baki ke nan. Wannan os ne."

"To ai shi na ce."

"Os. Oos. Ba ki ji bambanci ba?"

Ta kasa kunne iyakar ƙoƙarinta. Ita dai abu ɗaya ta ji sau biyu.

"Da ossum kika ce, ai da na zo da karan ɗori. Mai dafa mini abinci ma haka take faɗa."

Gari da nisa, ƙafa kuma sai ƙara hawa take. Likita ya yi tsaki, ya sa ta karyo rassan zaitun miƙaƙƙu, ya yage gefen mayafinta. Ta danne kafaɗun Barik, aka ja ƙafar, ya kurma ihu har alfadari ya zabura.

Da aka gama ɗauri likita ya share gumi ya ce Barik zai taka, amma da 'yar ɗingishi.

Barik ya lalubi haƙoransa da harshe ɗaya bayan ɗaya, sannan ya lumshe ido.