Kujerar Gaba a Filin Shahuna

Tun da safe na gaya wa surukina, Don Nicanor, cewa ba na son jaririyata Milagros ta zauna a layin gaba yau. Ina kirɓa mangú, dafaffiyar ayaba ta karin kumallo, a kicin, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa ruwan ɗorawa, wadda ta girmi mijina. Na ce masa wasan ƙarshe ne na gasar besbol, tsakanin Shahunanmu da baƙinmu Kunamu, mutane za su sha su bugu, ragar kariya kuma a bayan mai cafe ƙwallo, can wurin bugu, ta tsaya, ba ta kai wajen kujerunmu ba. In dole sai an je da yarinyar, mu hau sama, inda ƙwallo ba ta isa da ƙarfi.

"'Yata," ya ce, "tun da aka fara gasar bana, an taɓa cin mu yarinyar nan tana zaune a kujerar nan?"

"Ba a taɓa ba, Baba."

"To, me kike so in ce wa mutanen gari?"

Da gaske yake yi. A San Telmo, tun da kamfanin sukari ya rufe, Shahuna kaɗai suka rage mana. Kofin besbol na farko sun ɗauko shi Don Nicanor yana saurayi. Daga nan aka shiga shekarun da ba ya son a ambata, lokacin da ƙungiyoyin manyan birane ke zuwa su lallasa mu a gidanmu, su sha ruwan rakenmu, su koma suna dariya. Sai ga wannan zubin yaran, yawancinsu 'ya'yan masu yankan rake, suka ɗauki kofi uku a jere. Babu ƙungiyar da ta taɓa yin huɗu a gasarmu. An haifi Milagros jim kaɗan bayan na ukun, shi ya sa kakanta ya sa a ransa cewa da sa'a ta zo, kuma duk layinmu ya yarda da shi.

Na kira mijina Radhamés a otal ɗin da yake aiki a gabas, ko zai sa baki. Ya ce in yi haƙuri, wasa ɗaya ne, kuma shi kansa a cinyar babansa ya girma a wannan kujerar, ga shi da kansa lafiya lau. Na ajiye wayar, na cusa kunzugu da gorar ruwa da auduga a jaka.

Kujerunmu suna jikin ƙarfen da ya raba 'yan kallo da fili, daidai kusurwa ta uku, ta ƙarshe da ɗan wasa ke taka wa kafin ya koma wurin bugu ya ci maki. Ranar da na fara zama a nan ina amarya, Don Nicanor ya koya mini dokar wurin kafin ma ya saya mini yaniqueque, soyayyar wainar fulawa. In aka buga ƙwallo sama ta kauce ta nufo kujeru, ɗan wasa yana iya miƙo hannu ta kan ƙarfen ya cafe, mai bugun ya fita ke nan. Amma cikin kujeru wurinmu ne, in ɗan kallo ya riga shi taɓa ta, alƙali ba shi da ta cewa. Saboda haka in ɗan wasan baƙi ne ya biyo ta, ka yi kokawa da shi. In namu ne, ka kwanta baya, ka ɗauke hannunka, ka ba shi wuri. A wasan da ya kawo kofin farko, shi Don Nicanor ne ya kwanta baya, sannan ya damƙe bel ɗin ɗan wasanmu don kada ya kifa da ka. Kowane yaro a garin ya san labarin. Har yau akwai masu kiransa Mai Bel.

Doña Tatica, wadda kujerarta ke manne da tawa, ta iso da murfin tukunyarta da cokalin da take kaɗa shi. Ta leƙa fuskar Milagros.

"Ranki ya daɗe, shugabar ƙungiya, an iso? Yuderka, me kika cusa mata a kunne? Ki bar ta ta ji yadda ake cin Kunamu."

Na ce audugar tana nan daram, in tana son a cire to ta bar murfin a gida. Ta yi dariya ta buga shi a saitin kunnena.

Ban kalli wasan yadda mutane ke kallo ba. Duk lokacin da mai bugu da hannun dama ya tsaya, sai in juya Milagros in sa kafaɗata tsakaninta da shi, don irin ƙwallonsu ce ke kaucewa ta wajenmu. Maɗigarta ba ta gama rufewa ba. In na aza yatsa a tsakar kanta ina jin tana bugawa. Sau biyu ƙwallo ta wuce ta samanmu da ƙara, maza suka yi ta turereniya a kanta can baya. Rana ta sauka bayan bututun tsohon kamfanin, aka kunna fitilu tun da sauran haske.

Aka shiga zango na tara, na ƙarshe, muna da uku, Kunamu suna da biyu. Mai jifanmu ya fitar da mutum biyu, saura ɗaya kofi ya tabbata. Amma nasu biyu suna tsaye a kusurwa ta biyu da ta uku, jira kawai suke a buga su ruga gida, wato wurin bugu, su ci maki. Duk filin ya miƙe tsaye. Ni kaɗai na zauna, don Milagros ta yi barci a cinyata, kanta a lanƙwasar hannuna na hagu. Doña Tatica ma ta daina kaɗa murfi.

Na ji ƙarar sandar bugu, na ɗaga kai. Ƙwallon ta yi sama sosai, ta shige cikin hasken fitila, ta tsaya kamar ba za ta sauko ba. Wilkin Paredes, mai tsaron kusurwa ta uku, wanda ake kira Tarakta saboda girmansa, ya taho a guje, fuskarsa a sama.

"Namu ne," Don Nicanor ya ce. "A kwanta."

Layin gaba ɗaya ya kwanta baya kamar rake a iska. Na yi niyyar bi. Amma da na sake duban sama, ƙwallon ba gabana take saukowa ba, ba bayana ba. Kan cinyata take saukowa. Na ga safar hannun Wilkin ta ƙetaro ƙarfen, na ga tana rawa domin cikinsa ya daki ƙarfen. Wataƙila da ya cafe. Mutane da yawa sun rantse mini daga baya cewa da ya cafe. Ni dai na ɗaga hannun dama na buɗe shi a kan 'yata.

Zafin bai zo nan take ba. Ƙara na fara ji, kamar an karya busasshen kara. Ƙwallon ta daki bayan yatsuna, ta goge bakin safarsa, ta gangara ƙarƙashin kujerar Doña Tatica. Wilkin yana rataye a kan ƙarfen, fuskarsa dab da tawa, yana haki. Ya dubi safarsa, ya dube ni, ya dubi yarinyar da ta farka tana tsala kuka. Ya koma wurinsa yana dukan cinyarsa da safar.

Alƙali ya nuna cewa mai bugun yana nan. Filin ya yi tsit, sai kukan Milagros. A jifa na gaba mutumin ya shararo ƙwallo ta tsakanin 'yan wasanmu biyu, nasu biyun nan suka shige gida. Kunamu huɗu, mu uku.

Daga nan babban allon talabijin na filin ya nuno ni. Ya nuna hannuna yana tashi a hankali, ya sake nunawa. Daga inda aka ɗauki hoton, ƙarfen ya kare Milagros, ba a ganinta. Mace kawai ake gani tana wawurar ƙwallo daga hannun Tarakta.

Kofin roba ne ya fara sauka a wuyana, da giya a ciki. Sai ɓawon lemo, sai ƙanƙara. Wani daga sama yana tambaya nawa Kunamu suka biya ni, wani yana cewa a bar ta, ƙauyanci ne, ba ta san layin gaba ba. Na duƙa a kan Milagros, na lulluɓe ta da ƙirjina. Na so in ɗauki jaka, hannun ya ƙi rufuwa. Yatsu biyu sun karkace, sun fara kumbura.

"Yuderka," Doña Tatica ta ce, ba ta dube ni ba, "a kujerar Mai Bel?"

Hanyar fita ɗaya ce, matakalar da ta ratsa tsakiyar mutane har sama. Na dube ta, na dubi 'yan sanda biyu da ke can nesa suna kallon fili. Sai kwalba ta fashe a jikin ƙarfen, kusa da gwiwata, gilashin ya watsu a kan zanin goyon.

"Baba," na ce, "zan fita da ita."

Don Nicanor bai motsa ba tun da ƙwallon ta faɗi. Hannayensa suna kan ƙarfen, idonsa a fili. Namu suna shirin shiga bugunsu na ƙarshe, kuma kowa ya san mutumin nan bai taɓa barin fili kafin a tashi ba, har ranar da aka yi ruwan da ya cinye gada. Ban jira amsarsa ba. Na saɓa yarinyar da hannun hagu, na miƙe.

Sai ya juyo. Idonsa ya sauka a kan hannuna, ya daɗe a nan, sannan ya koma kan Milagros. Ya ɗauki jakar ya rataya. Ya miƙa hannu wajen Doña Tatica, ita kuma ta sakar masa murfin tukunyar, har yanzu fuskarta a gaba. Ya riƙe murfin a saman kan yarinyar, ya ce in shige gabansa, in bi ta jikin kujeru, kada in tanka wa kowa.

Muka fara hawa. Abubuwa suna sauka a kan murfin suna ƙara, Milagros tana zabura da kowace ƙara. Waɗanda suka gane tsohon suka sauke hannu, suka kau da kai. Waɗanda ke nesa ba su gane shi ba. Wani abu ya same shi a kunne, na ga jini a wuyan rigarsa, bai ko taɓa wurin ba.

A tsakiyar matakalar wani saurayi ya tare hanya, rabin fuskarsa shafe da fenti ruwan ɗorawa, yana warin giya. Ya buɗe hannuwa ya riƙe kujeru biyu.

"Ina za ki, 'yar Kunamu? Ki tsaya ki ga abin da kika yi mana."

Ina jin mutane suna matsowa ta baya. Ba wurin komawa. Na juya kafaɗata gare shi, kamar yadda na yi ta juya wa masu bugu tun la'asar.

"Kai ba ɗan Chepe mai walda ba ne?" Don Nicanor ya ce daga bayana, bai ɗaga murya ba.

"Don Nica, ba da ku nake ba. Ku da kanku kun san doka."

"Na sani. Ta ce mini kada a kawo yarinyar gaba, ni na ce sai an kawo. In magana kake so, gobe ka zo gida ka same ni. Yanzu ɗauke hannunka."

Saurayin ya dubi murfin, sai a lokacin ya ga abin da ke ƙarƙashinsa. Milagros ta yi ja wur don kuka, audugar kunne ɗaya ta zazzago. Bai ba da haƙuri ba. Ya saki kujera ɗaya kawai, muka raɓa ta gefensa. A daidai lokacin filin ya ɗauki ihu, namu na farko ya samu bugu, duk kawuna suka koma ƙasa. Na ji tsohon ya ɗan tsaya a bayana. Sannan tafin hannunsa ya tura ni gaba.

A waje titi fayau, sai masu soya kaza da suka bar kaskonsu suka kewaye rediyo. Muka samu motar haya ɗaya, direban yana kwance a kan sitiyari yana sauraro. Don Nicanor ya ce asibiti. Mutumin ya tayar da mota yana ƙorafi, wai da tuni an gama, wata mahaukaciyar mata ce ta sa hannu a ƙwallon Tarakta, in ya gan ta sai ya gaya mata magana.

"Surukata ce," Don Nicanor ya ce. "Ga ta nan bayanka. Tuƙa."

Direban ya dube ni ta madubi, ya mayar da ido kan titi. Bai kashe rediyon ba, ba wanda ya ce ya kashe. Muna wuce ƙofar tsohon kamfanin sukari mai sharhi ya ce an fitar da mutum biyu cikin namu, saura ɗaya. Muna hawa gada ya ce ƙwallo ta yi sama, ta yi nisa, sannan muryarsa ta faɗi. An cafe ta a jikin katanga. Kunamu sun ɗauki kofi.

Don Nicanor ya cire hularsa ya aza a gwiwa. Milagros, da ta yi shiru tun da motar ta fara tafiya, ta miƙa hannu ta jawo ta, ta sa bakin hular a baki. Ya bar mata.

Can ya ce, yana kallon taga, baɗi zai nema mana kujeru a sama, ƙarƙashin rumfa.

"Baɗi a gida za mu zauna, Baba."

Ya gyaɗa kai.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta kama hannuna za ta duba, na janye, na ce ta fara da yarinyar. Ta ce ai yarinyar ba abin da ya same ta. Na ce ta duba dai. Ta zare wani ɗan gilashi daga cikin zanin, ta haska idanunta, ta shafa kanta gaba da baya, ta ce ko ƙwarzane babu. Na aza yatsan hagu a tsakar kan da kaina, na ji maɗigar tana bugawa yadda ta saba. Sannan na miƙa mata hannun dama.