Karan da Ban Binne Ba

Goggo Velta maƙwabciyarmu ta sha gaya mini cewa wata rana latvanis zai ci wani a gidana. Nakan yi dariya in ce ta ji da kabejinta.

Tsiro ne da ya fi mutum tsawo, furensa fari, a buɗe kamar laima. Mahaifina ne ya dasa gindi uku kusa da amya, don ƙudan zuma suna sonsa. Na san halinsa sarai. In ruwansa ya taɓa fata ba a jin komai, sai rana ta haska wurin, bayan kwana ɗaya ko biyu ya tashi kamar ƙunar tafasasshen ruwa. Shi ya sa duk shekara nakan sa safar hannu in sare shi kafin ya yi iri, in binne karan.

Bana na sare, ban binne ba. An ce ruwa na tafe, ciyawar shanu kuma tana shanye a fili. Na jefa karan bayan rumfa na ce sai gobe.

Da rana tsaka na dawo na tarar da Ilze, 'yata mai shekara takwas, zaune a kan shinge. Ta manna karan mai rami a idonta na dama, tana leƙen sheƙar shamuwa ta ciki.

"Baba, zo ka gani, 'ya'yan uku ne."

Na fizge karan har ta tsorata. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce tun safe. Daiga matata ta wanke mata fuska da sabulu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Aivars, a ina ka ce ka binne shi?"

Na shiga ɗaki na ɗauko bargo.

Muka lulluɓe Ilze da bargo muka kai ta asibitin gari. Likita ta wanke idon, ta ba mu magani, ta ce kwana biyu kada haske ya taɓa ta, sannan mu dawo. Ga shi kuwa watan Yuni ne, lokacin da rana ba ta son faɗuwa a ƙasarmu. Na kafa barguna a kowace taga, amma duk inda na toshe sai in ga wani zirin haske a ƙasa.

Goggo Velta ta shigo da burodi da shebur.

"Burodin na yarinya ne. Shebur naka ne, tunda naka ya ɓata."

Na haƙe gindin ukun har saiwa.

Yau da safe jan zobe ya fito kewaye da idon Ilze, daidai faɗin bakin karan. Fatar ta kumbura, ta kasa buɗe shi. Tambayarta kawai ko 'ya'yan shamuwa sun tashi.

Gobe za mu koma. Likita ta riga ta ce tabon zai daɗe. Ko ruwan ya shiga cikin idon, har yanzu ba mu sani ba.