Ganuwar Tudun Yusha'u

Wanda ya bi gefen gulbi daga Wurno zuwa Goronyo zai wuce wani tudu da ƙaya ta cinye, wanda ko makiyaya ba sa kwantar da shanu a kansa. Nan ne Tudun Yusha'u. A zamaninsa gari ne mai ganuwa da masallacin Juma'a, ƙauyuka na bin sa har kusa da Rara. Yau sunansa ma sai a bakin tsofaffi.

Shekarar da abin ya faru, gulbin Rima ya cika ya batse, ya kwashe ganuwar gabas har da ƙofarta. Kowa ya san abin da ke tafe. Muddin gulbi na cike, mahayan Gobir ba su da hanya, amma ranar da ruwa ya sauka ƙirjin doki, sun iso ke nan. Manzo ya zo daga Wurno da magana gajeriya: in ba a toshe giɓin kafin ruwa ya janye ba, a tashi garin, mutane su koma birni, a raba ƙauyukan tsakanin Rabah da Goronyo.

Mai garin, Magaji Shittu, ya kira Attahiru sarkin magina. Attahiru mutum ne mai taurin kai, ubansa ne ya aza tubalin farko na ganuwar. Amma ba gadon ne ya ɗaure shi da garin ba. Matarsa ce, Sabuwa, wadda ya binne bara a gindin aduwar maƙabarta, kuma kullum da hantsi sai ya je ya yi mata addu'a. A kai shi Wurno a bar ta a daji? Ko kusa.

"Sarkin magina, mi ad dabara?" in ji Magaji. "Ramin da muka ɗibar ƙasa ruwa ya ci shi, tudun ga kuwa dut rairai na."

"Allah shi ba ka nasara, jar ƙasa wuri guda take, kuma ka san wurin."

Magaji ya zaro ido. "Kusheyi? Attahiru, ka ji tsoron Allah!"

"Tsoffin ni ka nuhi, na baƙi da bayin da sunka mutu wurin ginin fari. Babu mai sanin sunansu. Ba mu ƙetare aduwa."

Daga aduwa ne sabbin kaburbura suka fara. Attahiru ya yi kyauta da mamatan wasu hannu sake, ya ja iyaka daidai inda nasa ciwon yake. Liman ya ƙi sa baki, bai kuma hana ba.

Aka yi gayya. Lawwali, ƙanen Attahiru, ya riƙe masu haƙa can yamma da gari, shi kuma Attahiru ya hau ganuwar gabas yana cafe tubali yana jerawa. A can yake ci, a can yake kwana, ko maƙabartar bai ƙara leƙawa ba. Da farko in an ci karo da ƙashi sai a tsince shi da salati a binne gefe. Da gulbi ya fara nuna yashi, tsintar ta ragu, daga baya aka daina duba abin da ke cikin kwando. Tsoron mai rai ya danne kunyar matacce.

Sai aka rasa icen da za a gitta a kan ƙofa. Magaji ya ce a sare duk mai ƙwarin da ya fi kusa. Aka kawo wa Attahiru gungume an sassaƙe shi tas. Ya ƙwanƙwasa, ya yaba ƙwarinsa, ya aza shi da hannunsa bai tambayi daga ina ba.

Ganuwa ta rufe a kan kari. Mahaya suka ƙetaro, suka zagaya garin suna neman kafa, suka rasa, suka kora awakin da suka samu waje suka yi gaba. Mata suka yi ta guɗa. Attahiru ya sauko, ya wanke hannu, ya nufi maƙabarta.

Babu aduwa. Rami ne wawakeke, ga kututture a bakinsa. Kabari kuwa ba ya da alama in damina ta bi ta kansa. Icen nan shi ne alamar.

"Lawwali, ina kunka tsaya?"

"Yaya, wallahi ba mu wuce kututturen ba." Idonsa na ƙasa.

Attahiru ya zaɓi ya yarda, don ba zai iya ɗaukar ɗayar maganar ba. Duk ranin nan a gefen kututture yake addu'arsa.

Ruwan fari ya zo da iska, ya wanke fuskar sabon ginin. Da safe Attahiru ya fita duba ɓarna. Daidai kafaɗarsa, kusa da ƙofa, wani ɓarin tulu ya leƙo daga cikin ƙasa. Ya sa yatsa ya share shi. Ga zanen sawun kaza nan a wuyansa, wanda Sabuwa ta karta da tsinke don kada a musanya mata a bakin rijiya. Shi da kansa ya fasa tulun ranar jana'iza, ya jera gutsattsarin a kanta kafin a tura ƙasa. Gefen ɓarin akwai wani abu fari. Bai ciro ba. Ya jingina goshinsa da ganuwar ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da ta rasu.

Ba shi kaɗai ya gani ba. Duk ruwan da aka yi sai ginin ya ƙara tona abin da ke cikinsa. Mata suka daina bin ƙofar gabas. Liman ne ya fara ɗaure kayansa, masunta suka bi, sannan Lawwali, bai ko yi sallama ba. Kafin kaka ta zagayo sau biyu Magaji da kansa ya koma Wurno, aka raba ƙauyukan kamar yadda aka faɗa tun farko. Garin da mahaya suka kasa ci ya watse ba a harba kibiya ba.

Attahiru bai tashi ba. Kowane rani sai ya ɗauko laka a kansa tun daga bakin gulbi, ya bi ginin yana rufe duk abin da ruwa ya buɗe. Bayan shekaru manzon nan ya biyo ta wurin, ya iske shi ya tsufa ya ranƙwafa, laka har gwiwar hannu.

"Baba, wa kaka gyara ma ganuwa? Garin ga babu kowa."

Attahiru bai waiwayo ba.

"Akwai mutane, ɗana. Suna nan ciki, ni nis sa su." Ya shafa wurin da tafin hannu a hankali. "Miƙo man kwandon can, hadari na tasowa."